Jagoran da ya san ruwa

Jagoran kamun kifin da na ɗauka bai yi mini alkawarin cika kwando ba, shi ya sa ma na yarda da shi. Sai da ya tambaye ni ko na iya iyo, ya ba ni rigar kariya, sannan muka daddale tsawon lokaci da kuma wanda zai kawo ƙugiya da tana.

A kan ruwa kuwa na sha mamaki. Ya nuna inda ruwa ke juyawa bayan wani kututture, ya ce tarwaɗa na kwance can ƙasa, in bar fatsa ta nutse sosai. Karfasa kuma sai gefen ciyawa, inda babu zurfi. Ƙananan da suka kamu, sai ya jiƙa hannu ya zare musu ƙugiya a hankali, ya mayar da su ruwa.