Godiya ga duk wanda ya riƙe igiyar takardu

Alhamdu lillahi, an yi zanga-zangar shiru lafiya, an watse lafiya, babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Muna godiya ga duk wanda ya fito neman a rage nauyin gwamnati a wuyan jama'a, a bar mutum ya nemi halalinsa, ya faɗi ra'ayinsa ba tare da fargaba ba.

Godiya ta farko ta masu ƙananan sana'o'i ce, waɗanda suka ba da kwafin rasit, lasisi da takardun izinin da ake ɗora musu. Takardun nan aka jera a igiya mai tsawon mita 60, kuma duk wanda ya bi ta da ido daga farko zuwa ƙarshe bai buƙaci jawabi ba. Masu shirya ta sun yi aikin da ba a gani. Kafin a kwafi kowace takarda sai an rufe suna, adireshi da lambar waya da guntun farar takarda, domin shafawa da alƙalami ba ta isa, rubutun yakan fito a hoto. Sannan kowace a sa ta a farar leda, a maƙale ta sama da ƙasa, in ba haka ba iska ta juya ta. Igiya mai nauyi haka tana son mai riƙo a kowane mita uku, ko ta yi ciki ta share ƙasa.

Masu kula da layi, Allah ya saka da alheri. Mutum ɗaya ga kowane 20, da riga mai launi ɗaya. Wanda ya zo neman faɗa ba a tanka masa, sai biyu su raka shi gefe cikin lalama. Lauyoyi kuma sun kai wa 'yan sanda sanarwa a rubuce, da hanya da lokaci, suka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Dokar taro ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a tambayi lauya tun kafin a sa rana.

Wasu sun so a ƙona takardun a ƙarshe, muna gode musu da suka haƙura. Gaskiya ne akwatunan shayi 342 da masu adawa da harajin shayi suka zubar a ruwa a tashar jiragen ruwa ta Boston da ke Amurka ranar 16 ga Disamba, 1773 sun shiga tarihi, amma abin da Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya yi a garin Dandi a 1930 don bijire wa dokar gishiri ta Turawan mulkin mallaka ya fi kusa da mu: ɗan gishiri ya ɗauka a bakin teku, duniya ta gane. A Amurka ranar 15 ga Afrilu, 2009, wani ya wurga ƙunshin shayi cikin harabar fadar White House, nan take jami'an tsaro suka rufe wurin. Da an kunna wuta, hoton hayaƙi za a yaɗa, a manta da rasit.

Muna neman afuwar na bayan layi, lasifika ta mutu tun tsakiyar hanya saboda ba a tanadi batirin canji ba, shi ya sa ba su ji sanarwar watsewa a kan lokaci ba. Masu shagunan da aka tare wa ƙofa na ɗan lokaci, da matasan da suka tsince robobin ruwa bayan an tashi, mun gode ƙwarai. Igiyar na nan a naɗe da takardunta, mai son aro ya yi magana da masu kula da layi.