Lambar Adakar Kawu da Yaƙin Kyaftin Glover

A gidanmu na Sabon Zango a Accra, tun muna yara ake gaya mana cewa kakan kakanmu ya bi Glover yaƙin Asante, kuma shaidar tana cikin adakar Kawu. Bara da na je gida na roƙe shi ya fito min da ita. Ya kwance wani ƙullin tsumma, sai ga lambar azurfa ta yi baƙi ƙirin, faɗinta milimita 36, da ɗan guntun ƙyalle rawaya mai baƙin gefe da siraran layuka biyu baƙaƙe a tsakiya. Gefe ɗaya kan Sarauniya Victoria ne da lulluɓi, ɗayan kuma sojoji da mayaƙan Asante sun cakuɗe a gindin bishiya cikin kurmi.

Hannuna ya riga hankalina. Kafin la'asar na samu toka da lemun tsami na dirje ta har tana ƙyalli, ina jin kaina gwani.

Shi wannan John Hawley Glover hafsan sojan ruwan Ingila ne. A 1857 ya shigo Kwara cikin tawagar Dakta Baikie, jirginsu Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba ya lalace. Daga baya ya riƙe mulkin Legas, kuma a 1863 ya tara wasu 'yan tsirarun Hausawa, yawancinsu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya ba su bindiga da horo. Daga nan sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne mutumin teku, amma sunansa a tudu ya yi shi, da ƙafafun mutanenmu.

Da yaƙin 1873 ya tashi tsakanin Ingila da masarautar Asante, babban kwamanda Janar Wolseley ya nufi Kumasi, babban birnin Asante, daga Cape Coast, shi kuwa Glover aka tura shi ta wajen kogin Volta da Hausawansa don ya ɓullo wa Sarkin Asante Kofi Karikari ta gabas. Wolseley ya shiga Kumasi ran 4 ga Fabrairu 1874, ya cinna mata wuta ya juya. Glover ya iso bayan mako guda ya tarar da toka. A ganina an rage wa wannan rundunar hakkinta a labari, don jin tahowarta na cikin abin da ya sa sarkin ya gaggauta neman sulhun da aka ƙulla a garin Fomena. A shekarar aka fito da lambar yaƙin, kuma hotonta da na gani daidai yake da tamu, har ƙyallen.

Na kusa kiran dangi in yi albishir, sai idona ya sauka kan ɗan ƙarfen da ke maƙale saman lambar. Na ɗauka zan ga COOMASSIE, yadda Turawa suka rubuta Kumasi a lokacin. Abin da ke jiki 1897-98 ne. Glover kuwa ya mutu tun 1885.

Ashe akwai wata lambar ta yaƙe-yaƙen gabashi da yammacin Afirka daga 1887 zuwa 1900, wadda aka buga da zane iri ɗaya da ƙyalle iri ɗaya. Ƙarfen 1897-98 na sintirin da aka yi a arewacin Gold Coast (Ghana ta yau) da can bayan Legas ne, lokacin da Ingila da Faransa ke rige-rigen ƙasa. To amma wanda ya riga ya mallaki ta 1874, ƙarfen kawai ake ba shi ya ƙara a kan tsohuwar. Ke nan ƙarfen bai ƙaryata labarin gidanmu ba, bai kuma gaskata shi ba. Mai raba gardama shi ne rubutun bakin lambar, inda ake zana sunan mutum da rundunarsa, a ta Asante har da shekarar yaƙin.

Nan na gane ɓarnar da na yi. Shekaru sun riga sun cinye haruffan, baƙin da ya taru cikin ramukansu ne ke fito da su, ni kuma na wanke shi tas. Na kai wa wani mai gyaran agogo, ya sa gilashinsa a ido, ya juya ta a hasken taga, ya ce lambobin ƙirga biyu da rabin suna kawai yake iya gani. Da na ɗauki hoto kafin in taɓa, da yanzu ina da abin kamawa. Yanzu na san in tsohuwar lamba ta zo hannu, bakinta ake fara karantawa, sai ƙarfen, hoton sarauniya daga baya. In dole sai an goge, tsumma mai laushi ya isa.

Sauran hanya ɗaya ita ce kundin sunayen waɗanda aka ba lambobi, da ke ajiye a taskar tarihi ta Kew a Landan: na sojan ƙasa a jerin WO 100, na sojan ruwa a ADM 171. Na fara bi da wannan rabin sunan, kuma yadda Turawa ke rubuta sunayenmu ya isa ya sa mutum ciwon kai.

Na zayyana wa Kawu duk wannan bayan sallar isha'i. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙo hannu.

"Kawu, ban gama da ita ba."

"Ɗana, ka gama. Kawo."

Ya mayar da ita cikin tsummanta, ya rufe adaka, ya zura ɗan makullin a aljihun gaba.