Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Tabarmar da Aka Shimfiɗa a Landan

Makon jiya na tsaya ne a inda wasiƙar Yaya, ɗan Baffana, ta iske ni a Lids ta ƙasar Ingila, inda nake karatu. Tun daga ranar 'ya'yan gidanmu suke bugo mini waya suna dariya, wai "Baba, an zo kan labarin kindirmon Bature ke nan?" E, an zo. Sai dai ku daga bakin Yaya kuka san shi, shi kuwa shekara 40 ke nan yana ba da shi a gundule, ba wutsiya. Yau zan mayar wa labarin wutsiyarsa.

Marigayi Malam yakan ce mana, "Kada ka zauna a tabarmar da ba ka san wanda ya shimfiɗa ba." Muna yara mun ɗauka maganar tsafta ce, ko tsoron sammu. Sai da na ƙetare teku na gane maganar aljihu ce.

A watan Oktoba ne na 1984. Soja sun karɓe mulki a ranar ƙarshe ta 1983, tun daga nan kuɗin alawus ɗinmu na ɗalibai ya koma kamar ruwan bazara, yau a gani, sai kuma a yi ta kallon sama. A Yokshaya kuwa, yankin da Lids take, masu haƙar kwal suna yajin aiki, ko'ina ka bi a gari matansu ne riƙe da bokiti suna neman taimako. Ga kuma abin kunyar da ya faru a watan Yuli, da aka tsinci Alhaji Umaru Dikko a cikin akwati a filin jirgin Stansted. Duk wanda ya ji daga Najeriya kake sai ya yi maka wani irin murmushi. Cikin wannan hali na tara fam 130, wata tara ina cin wake na gwangwani da burodi, don in saya wa Maman yara keken ɗinki. Alkawari ne na yi mata a filin jirgin Kano, tana goye da babbar ɗiyarmu.

Wasiƙar Yaya layi huɗu ce. Ya shigo Landan kan harkar kwangila, in zo ranar Asabar mu gaisa, zai kai ni in ci abinci irin na manya. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama: in sayi keken a can, Yaya ya tafi mini da shi cikin kayansa. Na ɗinke ambulan ɗin a aljihun ciki, na hau jirgin ƙasa zuwa tashar King's Cross ta Landan.

A bakin otal ɗinsa na same shi, cikin babbar riga ta shadda fara ƙal, aikin hannu har gwiwa, da zanna bukar an karkata ta gefe. Ni kuwa kwat ce ta aro, hannunta bai kai wuyan hannuna ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ticha, haka Ingila ta mayar da kai?" Shagunan da aka kwatanta mini duk sun tashi kafin mu gama gaisawa, don Yaya sai da ya ba ni labarin kowace mota da ya saya tun bayan tafiyata. Ya ce keke ba gudu zai yi ba, Litinin ma rana ce.

Da ƙafa muka bi ta titin Strand. Nan ne kaɗai na ji daɗin ranar, don ya nuna mini Bush House, inda muryoyin Sashen Hausa na BBC suke fitowa a lokacin. Na tsaya na daɗe ina kallon ginin, ina tuna Malam da rediyonsa mai batir a zaure. Ya nuna mini gidan cin abinci na Simpson's, ya ce tun 1828 yake, kuma da can wurin 'yan wasan dara irin ta Turawa ne. Muka kutsa wani siririn layi da ake kira Maiden Lane ya nuna mini Rules, wanda ake cewa shi ne gidan cin abinci mafi tsufa a Landan, an buɗe shi a 1798. Na lissafa a zuci: shekara shida ke nan kafin hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu, mutanen nan suna nan suna sayar da abinci. Duka biyun ba mu shiga ba. Namu wani ne daban, mai irin tsufansu da irin taƙamarsu, kuma ba zan ambaci sunansa ba, don mutanen gidan ba su yi mini komai ba sai alheri.

A bakin ƙofa wani dattijo ya rusuna wa Yaya, ya bar shi ya wuce, don babbar riga tufar ƙasa ce, ba a tambayarta nektai. Ni da na yi shigar Turawa ni aka tare. Cikin ladabi ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wata igiyar wuya mai ruwan ƙasa ya ara mini, da ya ga ina kokawa da ita kuma ya ɗaura mini da hannunsa. Wannan ma Yaya yana ba da shi, har yana kwaikwayon yadda na miƙa wuya kamar ragon layya.

Ciki bango duk katako ne baƙi mai sheƙi, an rataye hotunan dawakai da na tsofaffin Turawa masu saje, ga kawunan barewa da ƙahonninsu. Kujerun jan karan-miski. Ba kiɗa, ba ɗaga murya, sai ƙarar cokali a kan tangaran. Turawa biyu suna jiranmu, abokan harkar Yaya, ɗaya dogo mai sanƙo, ɗaya gajere mai jan fuska. A gabana wuƙaƙe uku a dama, cokula masu yatsu uku a hagu, kofuna uku. Wata malamarmu a Lids ta taɓa cewa daga waje ake farawa a yi ciki, shi ya cece ni. Abin da bai cece ni ba shi ne cokali mai yatsu a hannun hagu. Ni da Inna ta fasa mini ludayi a ka saboda na kai loma da hagu! Sai in yanka, in ajiye wuƙa, in mayar da cokalin dama. Dogon ya lura, ya ce ai haka Amurkawa suke yi. Ban gane yabo ne ko zagi ba.

Takardar jerin abincin da aka miƙo mini akwai farashi a gefe. Na duba sau ɗaya na kawar da kai, na ce a raina ba ni na shimfiɗa ba. Ka ji wauta. Ai maganar Malam ba ta ce ka tabbata ba kai ba ne, cewa ta yi ka san wane ne.

Kifi na so in ci, wani faffaɗa da suke kira sol na Doba, don in huta da tunanin yanka. Yaya ya karɓe takardar daga hannuna, ya jawo mini aya ta 5 ta Suratul Ma'ida kan abincin Ahlul Kitabi, da ƙira'a mai daɗi kuwa, ya ce a kawo wa ƙaninsa gasasshen naman sa. Malamai sun yi saɓani kan wannan mas'ala, ban zo yin fatawa ba. Abin da ke cikin kofin Yaya a daren nan dai ban san ayar da ya jawo masa ba, kuma iyakar abin da zan ce ke nan, tunda yanzu shi ne a sahun gaba.

Sai ga wani mutum da farar doguwar hula ya turo amalanke mai murfin azurfa kamar ƙubba. Ya ɗaga murfin, tururi ya tashi, ga ƙaton tsokar sa kwance. Na ga mahauta a rayuwata, na ga masu tsire da masu kilishi, amma ban taɓa ganin wuƙa tana tafiya a nama kamar ta mutumin nan ba, kowane yanka faffaɗa, siriri, kaurinsu ɗaya. Sai dai tsakiyar ja ce, jini-jini. Ya jera mini uku, ya zuba romo, ya ɗora gasasshen dankalin Turawa da kabeji, da wani abu mai kama da fanke wanda ya kumbura cikinsa rami. Shi ne fudin ɗin Yokshaya, fulawa da ƙwai da madara ake kwaɓawa a zuba a kitse mai zafi a gasa. A Lids an gaya mini da can kafin nama ake ba da shi, don ciki ya cika a ci nama kaɗan. Na ce ashe su ma sun san dabarar uwar gida mai yara da yawa. Gajeren ya sunna wa mai yankan tsabar fam ɗaya, irin sabuwar nan mai kauri da ta fito a 1983. Al'adar wurin ce. A iya sanina wannan fam ɗaya ita ce kaɗai ta fita daga aljihun wani ba ni ba a daren nan.

Dogon kuwa wani tsuntsun daji ya ci, mai kama da fakara, wanda ba a fara harbinsa sai 12 ga Agusta kowace shekara. Rataye shi suke yi kwanaki har ya fara tashi, wai nan ne daɗin. Warin ya iso ni. Yana ci yana tsamo ƙwayar harsashi daga bakinsa yana ajiyewa a gefen faranti, yana tambayar Yaya ko a jirgi ya zo ko a akwati. Suka fashe da dariya, Yaya ya fi kowa.

To, ga kindirmon. A gefen farantina akwai ɗan kasko da wani abu fari mai kauri. Jan naman nan ya tsaya mini a rai, na ce bari in rufe shi da nono in haɗiye. Na cika cokali na kai baki. Sunansa hosradish, saiwa ce ake gurzawa, kuma ba a harshe take yaƙi ba kamar barkono, ta hanci take bi ta hau ƙwaƙwalwa. Na ji kamar an zura mini wuta ta hanci. Hawaye, majina, tari, na kai hannu ga kofi na kifar da shi a kan farin ƙyallen tebur. Mai kawo abincin ya zo ya shimfiɗa wani ƙyalle a kai, ya cika mini ruwa, fuskarsa ko gezau, kamar kullum haka ake yi. Har gobe ina yi wa mutumin nan fatan shiriya.

A nan labarin Yaya yake ƙarewa. A bikin autarmu a 2009, a gaban surukaina, nan ya tsaya, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi. Maman yara tana daga cikin rumfar mata, an ce ita ma ta yi.

Ga wutsiyar. Bayan an ci wani abin zaƙi mai ɗumi da aka malale da kastad, wanda shi kam ban ga laifinsa ba, aka kawo wa Turawan cuku mai shuɗin tsatsa da wata jar giya a ƙananan kofuna, da taba sigari mai kaurin yatsa. Suka duba agogo, suka ce jirgin ƙasarsu, suka yi wa Yaya godiya bisa karamcinsa, suka tafi. Aka kawo takardar kuɗi a ninke a kan ɗan faranti, aka ajiye gaban mai babbar riga. Yaya ya buɗe, ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ya ce da Hausa, a hankali, "Ticha, jakar tana otal. Rufa mana asiri, in mun koma sai in ba ka."

Fam 118, har da ladan masu hidima. Na shiga makewayi na farke ɗinkin aljihuna da haƙori. Na dawo na ƙirga a ƙarƙashin tebur, hannuna yana rawa. Na mayar wa dattijon ƙofa igiyarsa.

A otal Yaya ya ce cak ne da shi na matafiya, sai banki ya buɗe Litinin. Na kwana a kan kafet. Da asuba ya ce kada in rasa darasi saboda wannan ɗan abu, in koma, zai aiko ta gidan waya. Daga baya ya zama "in ka dawo gida ma daidaita". Da na dawo ya aiko mini da buhun shinkafa guda da yadi biyar, ban sani ba ko daidaitawar ke nan. Bayan 1986 naira ta zube, fam 118 ya zama kuɗin da ko ni ina jin nauyin ambatonsa. Baffa yana raye a lokacin, shi ya biya mini kuɗin makarantar sakandare bayan rasuwar Malam, yaya zan kai ƙarar ɗansa gabansa a kan abinci? Da na san wanda ya shimfiɗa tabarmar nan da a Lids na bar ambulan ɗina.

Abin da ya hana ni barci a makon nan ba kuɗin ba ne. Da Maman yara ta tare ni ta ga ba keke, na ce mata a jirgin ƙasa aka yanke mini aljihu. Har na nuna mata wurin da na farke da haƙorina. Ta riƙe kwat ɗin tana salati, ta ce tunda ba a taɓa lafiyata ba ai shi ke nan, ta ɗauko allura ta ɗinke aljihun, kwat ɗin da mai ita ya yafe mini. Sai a 1991 na iya saya mata Butterfly, na hannu. Duk zuwan Yaya gidanmu ita take dama masa fura, ta sa masa nono mai yawa, yana tsokanarta wai a kula kada a ba Ticha irin na Landan. Ta rasu ba ta sani ba. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mini.

Takardar kuɗin tana nan cikin Ishiriniyar Malam, tawadar ta koɗe amma ana ganin lambar. Na san jikokin Yaya suna karanta masa wannan rubutu duk Juma'a bayan la'asar. Ku karanta masa a hankali, kunnen hagun ne mai ji.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma baya kaɗan, zuwa rigimar gonar Malam ta bakin rafi, don na tsallake ta a kashi na 19.