Wasiƙa daga Houston: libarbar da uwargida ta zaɓa da hannunta

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya haƙuri da rayuwa.

Tun ranar da na yi suɓul da baka a waya na gaya wa ƙanina akwai bindiga a gidana, magana ta zaga dangi, har Inna ta aiko a tambaye ni ko soja na shiga. To bari in warware muku zare da abawa. Bindigar ma ba tawa ba ce, ta uwargida ce.

Sana'ata tuƙin tirela. Daga Houston zuwa El Paso kusan kilomita 1,200 ne, kuma duk cikin jihar Texas ɗaya kake a nan Amurka, saboda haka in na ɗauki kaya nakan yi kwana huɗu ko biyar ban ga gida ba. Wani dare bara, ina kwance a cikin mota a wata tashar manyan motoci, wajen ƙarfe biyu waya ta yi ƙara. Uwargida ce, muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, wani yana murɗa ƙofar baya." Ta riga ta kira 911, lambar neman agajin gaggawa, ta kwashi yaran biyu ta kulle su tare da ita a banɗaki. Kafin 'yan sanda su iso mutumin ya ƙara gaba, sai sawun takalmi a cikin laka. Ko tsinke ba a ɗauka ba, amma wata guda cur barci ya ƙaurace mata. A gida ihu ɗaya ya isa maƙwabta su fito da sanduna da taɓare. Nan kuwa sai ku shekara da mutum katanga ɗaya bai san sunanka ba.

Ita ta fara kawo maganar bindiga. A Amurka wannan ba abin ɓoyo ba ne. Gyara na biyu na tsarin mulkinsu, tun 1791, ya ba da 'yancin riƙe makami, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Heller cewa mutum na da ikon ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kansa. Mai takardar zama ta dindindin yana iya saye kamar ɗan ƙasa, muddin ya kai shekara 21 in daga kanti mai lasisi ne. Sai ya cike fom mai lamba 4473, a bincika tarihinsa ta hukumar binciken laifuka ta FBI. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne mai kai mutum kurkuku. Kuma tun kafin wani ya ce in sako masa ɗaya a akwati: dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol, wato ƙananan bindigogin hannu, cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa. A bar wannan maganar.

Irin tamu ta maza, sai na tafi kanti ni kaɗai in dubo mata. Idona ya faɗa kan wata 'yar libarba ta kamfanin Smith & Wesson, samfurin 642. Ƙirar tsohuwa ce, tun 1950 kamfanin ke yin ƙananan libarbobi a kan wannan ƙashi. Harsashi biyar take ci, irin wanda ake kira .38 Special, hancinta bai kai inci biyu ba, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Na ɗora ta a tafin hannu na ce ai wannan don mata aka yi ta. Ba ta da wani maɓalli da za a tuna da shi cikin firgita, ba a jan komai kafin a harba, kunama kawai za ka ja. Har na zaro katin banki. Allah ya taimake ni, sai na ce bari dai in kawo mai abin ta gani.

Ranar Asabar muka je filin koyon harbi, inda ake ba da hayar bindigogi a gwada. Wata dattijuwa ce ke koyarwa, mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta sa wa uwargida abin toshe kunne a kan hijabinta, ta gyara mata tsayuwa, ta miƙa mata irin wadda na zaɓa. Abin da na fara gani shi ne yatsarta tana rawa a kan kunama. Jan kunamar irin wannan libarba yana buƙatar ƙarfin da ya kai kilo biyar, domin ja ɗaya ne ke juya gidan harsashi, ya ɗana, ya kuma saki. Ka ga ana jan kilo biyar a jikin abin da bai kai rabin kilo ba, dole hancin ya karkace. Da ta tashi, bindigar ta yi tsalle ta doki tsakanin babban yatsanta da manuni. Takardar saiti tana nan taku bakwai a gabanta, ko gefenta harsashin bai taɓa ba. Ta harba na biyu ido a rufe. Ta ajiye a kan tebur, ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ka zaɓa mini?"

Dattijuwar ta yi murmushi ta ce kusan kowane mako sai ta ga miji ya kawo matarsa da irin wannan. Bayaninta gajere ne: ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke dukan hannu ta baya, kuma nauyin ƙarfen bindiga ne ke shanye dukan. In ka rage nauyi, hannu ne zai biya bashin. An yi 'yar ƙaramar ne don wanda zai yini da ita a aljihu, kuma sai gwani ke iya saita ta. Wadda za ta zauna a ɗaka kuwa, me ruwanta da rashin nauyi? Ni dai na yi shiru. Da ma ban taɓa harba ko bindigar toka ba, amma na tashi zan yi wa wata zaɓi.

Daga nan na koma kan benci na zama ɗan kallo. Ta gwada Ruger LCR mai harsashi .22, wadda ke cin takwas kuma kusan ba ta dukan hannu, amma kunamarta ta yi mata tauri. Ta gwada fistol, jan murfin sama ya ba ta wuya, ta ce ba ta son abin da zai sa ta tunani biyu da tsakar dare. A ƙarshe ta tsaya kan Ruger SP101 mai hanci inci uku, ƙarfe zalla, nauyinta ya haura giram 700. Tana iya ɗaukar harsashi mai ƙarfi na .357 Magnum, amma .38 mai sauƙi aka zuba mata. Ƙotar ta cika mata hannu, ɗan yatsanta na ƙarshe ya sami wurin zama. Harbi biyar, huɗu suka shiga takarda. Ita ta cike fom da sunanta, ita ta sa hannu.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne yara. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabinsu kuma su suka kashe kansu. A 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. A Texas laifi ne ka bar bindiga da harsashi a ciki inda yaron da bai kai shekara 17 ba zai kai hannu. Ɗana na fari shekararsa shida, kuma babu lungun da bai sani ba a gidan nan, har inda ake ɓoye dabino. Shi ya sa tun kafin bindigar ta shigo gida muka sayi ƙaramin akwatin ƙarfe mai buɗewa da danna lambobi, na ɗaure shi da kusoshi a cikin kabad. Kuɗin akwatin da na darasi da na harsashin gwaji sun kusa kamo kuɗin bindigar kanta. Wata ɗaya sau ɗaya take komawa filin, ni kuma in zauna da yara.

Har yau ba ta fito da ita don kowa ba, Allah kuma kada ya kawo ranar. Tsarinta bai sauya ba: ta kira 911, ta tattara yara a ɗaki ɗaya, ta kulle ƙofa, ba ta fita neman kowa. Sai dai ni aka kafa wa sabuwar doka. Da can in na sauke kaya da wuri nakan shigo ƙarfe uku na dare a hankali don kada in tashe su. Yanzu sai na kira tun daga bakin unguwa, in na iso ƙofa kuma in rangaɗa sallama da ƙarfi, in tsaya har a amsa.

A gaida Inna, a ce mata ban shiga soja ba.

Naku,
ɗan uwanku a Houston