Gardamar gurguzu a gidan da nake haya a Guangzhou

Neman ɗaki a Guangzhou sai da ya jigata ni. Masu gida da dama da sun ga baƙar fata sai su ce an riga an kama. A ƙarshe wani tsoho a bayan unguwar Xiaobei ya ba ni ɗaki a hawa na biyar, kuma shi da kansa ya raka ni rajistar zama wurin 'yan sanda, don doka ta ce baƙo ya yi ta cikin awa 24. Sauran abubuwan sun zo da sauƙi: taliyar Lanzhou a shagunan Musulmin Hui, Juma'a a masallacin da ake cewa kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas yana harabarsa, ciniki kuma da WeChat ko da lemo za ka saya a bakin titi.

Da kunnena ya fara kama yaren, sai na gane abin da ke haɗa tsohon da ɗansa hayaniya duk daren Lahadi a kan shayi. Dukansu 'yan Jam'iyyar Kwaminis ne, amma sun kasa yarda a kan ko Sin tana bin gurguzu har yanzu.

Tsohon ya yi aiki a masana'antar gwamnati har ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka sallami miliyoyin ma'aikata, shi ma yana ciki. A wurinsa an kauce hanya tun 1978 da jagoran ƙasar Deng Xiaoping ya buɗe kasuwa, aka ƙarasa ɓarnar a 2001 da shugaba Jiang Zemin ya ce masu kamfanoni ma su shigo jam'iyya. Idan ya ambaci cewa attajiri Jack Ma, wanda ya kafa kamfanin Alibaba, ɗan jam'iyya ne, sai ya dangwarar da kofi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne na 2018: ma'aikatan kamfanin Jasic a Shenzhen sun nemi kafa ƙungiyar ƙwadago, ɗalibai masu karatun Marx suka mara musu baya, aka kwashe su. (Wannan bai hana shi ƙara mini kuɗin haya bana ba.)

Ɗan nasa ba ya ɗaga murya. Yakan ce, “Baba, filin da gidan nan yake kai na waye?” Filayen birni na gwamnati ne, izinin zama na shekara 70 kawai ake saya. Manyan bankuna huɗu, jirgin ƙasa, lantarki, mai, duk a hannunta suke. A Nuwamba 2020 ta dakatar da sayar da hannun jarin Ant, kamfanin hada-hadar kuɗi na Jack Ma, ana saura kwana biyu a fara, Jack Ma ɗin bai iya yin komai ba. Ya ce a Amurka attajiri ke juya gwamnati, a nan gwamnati ke juya attajiri, kuma jam'iyya tun 1987 ta faɗa cewa matakin farko na gurguzu ake, wanda zai ci aƙalla shekara 100.

Ni na tashi a Kano ina jin dattawan PRP suna hirar Malam Aminu da talakawa, don haka ma'aunina talaka ne. Kayan da nake aikawa Kantin Kwari a unguwar Kangle ta nan Guangzhou ake ɗinka wasunsu. Da sassafe masu ƙananan masana'antu ke jeruwa a titi riƙe da samfurin riga suna neman teloli na yini. Yawancinsu daga Hubei suke, ana biyansu bisa yawan abin da suka ɗinka, su kai tsakar dare a kan keke. Ba su da rajistar hukou ta birnin, wato shaidar zama ɗan gari da ke sauƙaƙa wa yara shiga makarantar gwamnati, shi ya sa da yawa suka bar 'ya'ya a ƙauye wurin kakanni.

Ɗan tsohon ya yi gaskiya, akalar tana hannun gwamnati, kuma na ga jiragen ƙasa da hanyoyin da ta yi da ita. Amma sau biyu tsohon yana tambayarsa a gabana wace hanya telan Kangle yake da ita ta sa baki a inda za a ja akalar. Amsar da yaron yake bayarwa a kan raguwar talauci ce, kuma ba tambayar da aka yi masa ke nan ba.