Abin da mata ke faɗa bayan sun fito daga asibitin unguwa

Ni tela ce a unguwar Hausawa a nan Garwa, a arewacin Kamaru. Da yake na ɗan taɓa boko ina jin Faransanci, maƙwabta sukan aiko yaro ya kira ni in raka su asibiti. "Yaya, taimaka mu je tare, ke kike jin bakinsu." Ta haka na saba da bencin ƙaramin asibitin gwamnati da ke kusa da mu, irin wanda ake kira CSI, inda ake awon ciki, a yi wa yara rigakafi, a duba mai zazzaɓi, a karɓi haihuwar da ba ta zo da gardama ba. Ni ba likita ba ce, amma na ji abin da mata ke faɗa a gaban ma'aikata, na kuma ji wanda suke faɗa bayan mun baro ƙofa, kuma akwai tazara tsakaninsu.

A shekarun baya an riƙa turo matasa daga ƙungiyoyin gari suna bi gida-gida da takarda, suna neman waɗanda sunansu ya fito a rajistar asibiti. Kin je? Nawa kika biya? Kin gamsu? Yana cikin tsarin da Bankin Duniya ya tallafa, na biyan asibiti gwargwadon aikin da ya yi, kuma tunani ne mai kyau. Sai dai matar da baƙo ya yi wa sallama da biro a hannu, amsarta ba ta wuce "Alhamdu lillahi, sun yi ƙoƙari." Ba ƙarya ta yi ba, tunda ɗanta ya samu sauƙi. Amma ta san wata mai zuwa can za ta koma awo, kuma wace ce za ta kai ƙarar wadda za ta karɓi haihuwarta? Sai an zo shago ana jiran in gama kalmasa bakin zane, sannan ake warware zancen.

Abu na farko da suke ambata shi ne tarba, tun kafin a zo kan magani. "Ko kallona ba ta yi ba." "Bai ko taɓa yaron ba, ya hau rubutu." Akwai wata ma'aikaciya, ba ma 'yar Arewa ba ce, Fulatancinta a karye yake, Hausa kuwa gaisuwa kaɗai ta iya, amma mata sun gwammace su jira ranar aikinta. Na tsaya na ga yadda take yi. Za ta sa bayan hannu a goshin yaro, ta ja fatar idonsa ƙasa ta ga ko jini ya ragu, ta tambayi uwar yaushe jikin ya fara zafi, ta kuma tsaya ta ji amsa. Bayan an tsaga yatsa an yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, sai ta ɗauki kwalin maganin ta zana rana da wata a jikinsa, ta nuna da yatsu: safe da dare, kwana uku, a ba shi bayan ya sha nono ko ya ci abinci, kada a tsaya don jiki ya yi sanyi. Wannan bayanin bai fi minti biyu ba, amma shi ne rabin maganin. Inda ba a yi shi ba, uwa takan daina bayarwa ranar da zazzaɓi ya sauka, ta ajiye saura don ƙanensa, bayan 'yan kwanaki kuma ciwo ya dawo a ce maganin asibiti ba ya aiki.

Maganar harshe tana damuna ƙwarai. Da yawa daga cikin ma'aikatan da ake turowa daga Kudu suke, kuma ba laifinsu ba ne da ba su jin Fulatanci ko Hausa. Amma na sha ganin yadda murya ke sauyawa da zarar na buɗe baki da Faransanci. Matar da ɗazu aka daka wa tsawa don ta kasa faɗin watannin ɗanta, yanzu an ce ta zauna, an nemi karnenta, wato ɗan littafinta na asibiti, da lalama. Ciwon bai sauya ba, kuɗin bai ƙaru ba. Ita ma ta lura. A hanya sai ta ce, "Yaya, da ba ki zo ba da har yanzu ina waje." Godiya take yi mini, ni kuwa zuciyata ba ta yi daɗi ba, don na san nawa ne suka zo ba su da mai rakiya.

Jira kansa ba ya ɓata musu rai kamar yadda ake zato. Mace takan fito bayan asuba, ta ɗora karnenta kan na waɗanda suka riga ta, ta zauna har azahar da goyo a baya, ko a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. In aka shigo da yaro yana jijjiga, ko mai naƙuda, su da kansu ke cewa a ba ta hanya. Abin da ba su yafewa shi ne wanda ya sauko daga mota, ya gaisa da wani a ciki, karnensa ya tsallake na kowa. Nan za ki ji ana gunaguni ƙasa-ƙasa cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Za a manta da awa biyar da aka yi a benci, amma wannan za a ba da labarinsa a gidan suna da gidan biki.

Sai kuɗi. Tun yarjejeniyar Bamako da ministocin lafiya na Afirka suka cimma a 1987, ƙananan asibitoci a ƙasashenmu suka koma dogara da abin da marasa lafiya ke biya, musamman na magani, kuma a Kamaru kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye. Gwamnati ta yi wasu rangwame. Tun 2011 maganin zazzaɓin cizon sauro marar tsanani kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a 2014 aka haɗa da mai tsanani. A watan Afrilun 2023 aka ƙaddamar da kashin farko na shirin lafiya ga kowa, wanda a cikinsa ganin likita kyauta ne ga ƙananan yara. To amma uwa ba ta san iyakar kyautar ba. An ce mata ba a biya, ta zo da kuɗin moto kawai, sai a ce maganin ya ƙare, a rubuta mata ordonans, wato takardar sayen magani, ta je farmasin gari. Ko a ce ta sayi sirinji, ta sayi safar hannu, ta sayi sabon karne. Wataƙila duk bisa ƙa'ida ne. Amma in ba a ba ta rasit ba, kuma ta ji ta kusa da ita ta biya wani abu dabam, ba abin da zai raba ta da zargin an cuce ta.

Shi ya sa takardar biyan kuɗin kula da masu ciki da aka fara a 2015 a yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa ta samu karɓuwa. Sefa 6000 ake biya sau ɗaya, ta ɗauki awo, hoton ciki, haihuwa, har tiyata in ta kama, da kulawa zuwa kwana 42 bayan haihuwa. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai sayar da ƙosai, amma abin da mata ke yabawa shi ne sun san adadin tun farko, kuma shi ne adadin kowa. Maigida ma ya fi saurin ba da izini idan ya san abin da zai fita daga aljihunsa.

Ina tausaya wa ma'aikatan su ma. A ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, veranda kan cika da yara masu zazzaɓi har wasu a ƙasa kan zane, mutum ɗaya ko biyu ke dubawa, wuta ta ɗauke, a sa allurar ƙarin ruwa da hasken waya. Wasunsu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ɗan abin da asibiti ya samu ake yaga musu. Wanda ya kwana a tsaye, murmushi kan yi masa wuya. Amma matar da aka wulakanta ba ta faɗa, komawa ne kawai ba ta yi. Lokaci na gaba sai ta nufi mai teburin magani a kasuwa, wanda zai ce "Sannu Hajiya, me ke damun yaron?", ya ɓallo mata ƙwaya huɗu daidai kuɗinta, har bashi ya ba ta. Maganin ya sha rana, ba a san inda ya fito ba, ba a yi gwaji ba. Yaran da na ga an kawo idonsu fari fat, sai an wuce da su babban asibiti neman jini, da yawansu ta can aka fara bi.

Kowane irin wannan asibiti yana da kwamitin lafiya da ya kamata ya zama bakin jama'a. Namu kusan duk maza ne, alhali bencin mata ne ke cika shi. Ina so a sa mata a ciki, a liƙa farashin komai a bango, a kuma samu mai karanta shi da Fulatanci da Hausa kowace safiya kafin a fara aiki. In za a tambayi ra'ayi, a turo mace ta zauna ba biro a hannu.

Kwanakin baya sabon shugaban asibitinmu ya sa an yayyanka kwalin magani an rubuta lambobi, mai gadi ke miƙa wa kowa tun daga ƙofa, a kira ɗaya bayan ɗaya, sai mai larurar gaggawa kaɗai ke tsallakewa. Jiran yana nan yadda yake, maganin da ke ƙarewa yana ƙarewa, amma yanzu mace na iya barin benci ta je ta sayo wa ɗanta kunu ba ta tsoron a binne karnenta.