Gicciye ba shi ne mafi wuya a kan zobba ba

Duk wanda ya kalli wasan jimnastik na maza a gasar Olamfik, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne lokacin da ɗan wasa ya miƙe hannuwansa dama da hagu a tsakanin zobba biyu da ke rataye da igiyoyi, jikinsa na rataye cak kamar an dasa shi a iska. Wannan tsayuwa ita ake kira gicciye, kuma na daɗe ina ɗauka cewa ita ce ƙololuwar ƙarfi, har sai da na rataya zobban katako a reshen darbejiyar gidanmu, na kuma duba yadda alƙalai suke ba da maki.

Hukumar jimnastik ta duniya, FIG, tana bai wa kowane motsi harafi gwargwadon wuyarsa: A tana da maki 0.1, B tana da 0.2, a haka har sama. A dokokin da aka yi aiki da su daga 2017 zuwa gasar Olamfik ta Tokiyo, gicciye yana kan B ne kawai. Rataya a kwance ƙarƙashin zobba, ko fuska na sama ko tana ƙasa, wadda ta ci mini watanni kafin na iya, A ce. Sama da gicciye akwai filanshi da gicciyen kai-ƙasa a kan C, sai maltis a kan D, sannan biktoriyan a kan E. Kowace daga cikinsu sai an riƙe ta daƙiƙa 2 ba motsi, kuma idan gwiwar hannu ta lanƙwashe ko jiki ya karkace, alƙalai suna zaftare maki.

Inda na fi samun abin nazari shi ne tsakanin filanshi da maltis, domin ga mai kallo daga nesa kusan abu ɗaya ne: mutum ya kwanta rub da ciki a iska, jiki a miƙe sambal. A filanshi jikin yana sama da zobba, hannuwa sun sauko a karkace, saboda haka ƙasusuwan hannu suna ɗaukar wani kaso na nauyin kamar ginshiƙin da ya ɗan jingina. A maltis kuwa kafaɗu da ƙugu suna saukowa daidai da zobban, hannuwa suna kwance a gefen jiki, ginshiƙin nan ya tafi gaba ɗaya, nauyin ya koma kan gaban kafaɗa da ƙirji da jijiyar damtse. Tazarar saukowar ba ta da yawa a ido, amma a jiki ita ce bambancin harafi guda cif.

Biktoriyan maltis ce da aka juya, fuska na kallon sama. Abin da ya sa ta gagari yawancin ƙwararru shi ne naman ƙirji, wanda yake ceton mutum a maltis, ba ya da wani taimako a nan. Bayan kafaɗa da gadon baya da bayan damtse su ne suke danna zobban ƙasa, daga kusurwar da ba su da ƙarfi sosai. Shi ya sa ko a manyan gasa ake yawan ganin ƙugu ya ɗan zube ƙasa.

Ina da ja a kan gicciyen kai-ƙasa. A ganina C ɗin da waɗancan dokokin suka ba shi ta yi masa kaɗan, domin ban da ƙarfin tura zobba a buɗe, sai mutum ya daidaita kansa a kife a kan igiyoyin da ba sa tsayawa wuri ɗaya, kuma da zarar kafaɗu sun tsaya sama da zobba, ya zama tsayuwar hannu mai faɗi kawai.

Harafin tsayuwa ma ba shi ne duka labarin ba, domin hanyar shigarta tana canza darajarta. Albert Azaryan, ɗan Armeniya da ya ci zinaren Olamfik a kan zobba ga Tarayyar Sobiyet a 1956 da 1960, ya bar sunansa a kan juyi a hankali ta baya, jiki a miƙe, wanda yake ƙarewa a gicciye, kuma a waɗancan dokokin, da wannan shigar gicciyen B yana komawa D. Haka ma tsawon hannu yana da tasiri: mai dogon hannu yana biyan kuɗin gicciye da tsada fiye da gajere, ko da ƙarfinsu ɗaya ne.

Abin da jadawalin ba ya nunawa shi ne jijiya, wadda ba ta ƙarfafa da saurin nama. Yuri Chechi na Italiya, wanda ya ci kambun duniya sau 5 a jere daga 1993 zuwa 1997 da zinaren Olamfik na Atlanta a 1996, tsinkewar jijiyar damtse ce ta hana shi zuwa Olamfik ta Sidni a 2000, sai a Atan a 2004 ya dawo ya ci tagulla. Ni da nake wasa a gindin darbejiya, ranar da na yi garajen buɗe hannu zuwa rabin gicciye, na ji zafi ya tsarga cikin gwiwar hannuna ta hagu kamar an soka allura, kuma na shafe makonni ko bokitin ruwa ba na iya ɗagawa da wannan hannu. Yanzu na koma buɗe zobban kaɗan-kaɗan, da roba ɗaure a ƙugu tana rage mini nauyi.